Farantin Gwaji Ba Ganyen Wake Ba Ne

Wata ɗabi'a ta zauna daram a binciken cututtukan shuka a wurinmu: a raini Xanthomonas mai ƙona ganyen wake a farantin agar, a ɗiga mata ruwan bedi, a auna faɗin wurin da ta kasa yaɗuwa, sai a rufe da cewa manomi ya samu magani. A ganina an yi azarɓaɓi.

Tun 1989 Huynh, Dahlbeck da Staskawicz suka nuna cewa ƙwayar gadon avrB ta Pseudomonas syringae kwanciya take yi idan abinci ya wadata, ta farka idan ya yi ƙaranci. Yu da abokan aikinta (2013) sun ƙara da cewa nau'inta B728a yana kunna ƙwayoyin gadon motsi a saman ganye, idan kuwa ya kutsa ciki sai na jure ƙishirwa su fi aiki. Wato bakteriyar da muke kashewa a faranti ƙosasshiya ce, ba ta ɗaura ɗamarar yaƙi ba.

Wani abokin aiki ya ƙalubalance ni da hujjar da ba ta wasa ba ce. Ya ce karanta RNA don ganin ƙwayoyin gadon da ke aiki sai mai kuɗi, sannan wa zai je ɗebo ganye a gonakin Batsari da Safana, bakin dajin Rugu, inda manomin kansa yake shiga da fargabar 'yan bindiga? Faranti kuwa ko banza yana tace abin da ba ya kisa. Na yarda da rabin maganarsa. Tacewa daban, shawara ga manomi daban. Kuma ba a bukatar RNA kafin a gwada ganye: tukwanen wake a Dutsin-Ma, feshi da yamma, raɓar asuba da ranar Satumba sun isa. Monier da Lindow (2003) sun ga bakteriyar da ta dunƙule a kan ganye ta fi tarwatsattsiya jure bushewa. Da wuya a ce dunƙulewar ba ta kare ta daga ruwan bedi ma.

Sai dai hujjojin nan daga Pseudomonas suka fito, a kan waken soya da waken Amurka, don haka zan taƙaita da'awata. Ban ce bedi ba ya aiki ba. Cewa na yi faɗin da'ira a faranti bai isa a tura manomin Safana ya kashe yininsa yana dakan ganye ba.