Cin Ƙasa a Fadan Kaje: Tarihin Ɗabi'ar da Sunayenta

1.0 Gabatarwa

Shekara shida ke nan da aikin koyarwa ya raba ni da Katsina, ya kawo ni kusa da Fadan Kaje, cikin ƙasar Bajju, a Ƙaramar Hukumar Zangon Kataf. A kasuwannin Zonkwa da Kafanchan, inda Hausa ce harshen ciniki, akan ga an kasa curin farar ƙasa a faifai kusa da kanwa da citta, kuma galibin masu sayenta mata ne masu juna biyu. Wannan maƙala za ta bi diddigin sunayen da aka yi ta bai wa wannan ɗabi'a, don nuna cewa kowane suna yana tafe da hukuncinsa.

2.0 Sunayen Dauri

Likitocin Turai suna kiran kwaɗayin ƙasa ko gawayi ko toka ko alli da kalmar Latin pica, wato sunan wani tsuntsu dangin hankaka da ake ganin ba ya zaɓen abin da zai haɗiye. Tun a rubuce-rubucen da ake dangantawa da Hippocrates an ambaci mai ciki da ke sha'awar ƙasa da gawayi. A zamanin cinikin bayi, cikin ƙarni na 18 da na 19, masu gandaye a tsibiran Karibiyan sun ɗauki abin a matsayin ciwon baƙar fata, har sukan sanya wa bayi takunkumin ƙarfe. Sai a 1930 Berthold Laufer ya tattara hujjojin da suka nuna ana cin ƙasa a Turai da Asiya da Amurka kamar yadda ake ci a Afirka.

Malaman fiƙihu ma ba su bar mas'alar ba. Littafin Muhtasar na Shehu Halilu, wanda aka wallafa a ƙarni na 14, ake kuma karanta shi a zaurukanmu, ya kawo zance biyu kan cin yumɓu, ɗaya na karhanci, ɗaya na hani.

3.0 Fatauci da Yaɗuwar Suna

A Nijeriya, Donald Vermeer (1966) ya nazarci ɗabi'ar a tsakanin Tibi na kwarin Binuwai. A 1985 shi da Ray Ferrell suka bayyana cewa mafi yawan ƙasar ci da ke shiga kasuwannin Afirka ta Yamma daga ƙauyen Uzalla take fitowa, kusa da birnin Benin, kuma ma'adinanta sun yi kama da na maganin zawo mai suna Kaopectate. Ke nan abin da wasu suka kira cuta, mutanen Uzalla magani suka ɗauke shi.

Tun da layin dogo na gabas ya haɗe da na Kaduna ta Kafanchan a 1927, garin ya zama matattarar fatake daga kudu. Ba abin mamaki ba ne a ji sunayen kudu, irin su nzu da ulo, a bakin mai talla da ke ciniki da Hausa. Ita kuwa Hausa siffantawa take yi: farar ƙasa, jar ƙasa, ƙasar suri. Sha'awar kanta takan shiga cikin laulayi ko kwaɗayin masu ciki, wanda al'ada ke yi wa uzuri.

4.0 Matsayin Ilimi a Yau

Sera Young (2011) ta auna dalilai uku da masana ke kawowa: yunwa, da ƙarancin sinadarai a jiki, da kare hanji daga guba da ƙwayoyin cuta. Ta fi karkata ga na uku. Duk da haka, an tabbatar da dangantaka tsakanin cin ƙasa da ƙarancin jini, kuma wasu nau'o'in yumɓu kan riƙe sinadarin ƙarfe su hana jiki amfana da shi. A 1961 Ananda Prasad da abokan aikinsa suka ba da rahoton samari masu cin yumɓu a Iran waɗanda girmansu ya tsaya, daga baya aka gano rashin sinadarin zink ne. A 2009 hukumomin lafiya a Amurka suka gargaɗi masu ciki kan nzu saboda dalma da gubar asanik da aka samu a ciki.

Kundin cututtukan ƙwaƙwalwa na likitocin Amurka, bugun 2013, ya gindaya sharuɗɗa kafin a kira abin cuta: a kai wata guda ana yi, ya saɓa wa shekarun mai yin, kuma kada ya zama al'adar da jama'arsa suka amince da ita. Sharaɗin ƙarshe ya mayar da hukunci hannun masu harshe da al'ada.

5.0 Kammalawa

Wata ungozoma a yankin nan ta shaida mini cewa in ta tambayi mai ciki, "Kina cin ƙasa?" sai ta sunkuyar da kai ta musa, domin a kunnenta wannan aikin jarirai ne da masu taɓin hankali. In kuwa ta ce, "'Yar uwa, kina ɗan taɓa ulo?" nan take za ta amsa, har ta faɗi adadin da take ci a yini. Tsakanin tambayoyin biyu akwai gwajin jini da za a yi ko a fasa, da ran uwa da ɗanta.

Saboda haka, shawara ga masu ƙirƙirar keɓaɓɓun kalmomi ita ce a raba abu biyu: a bar cin farar ƙasa ga al'ada, a keɓe cutar kwaɗayin abin da ba abinci ba ga lalurar da ke bukatar likita. Haka kuma akwai bukatar masana harshen Jju da Tyap su tattara nasu sunayen daga bakin tsofaffin mata, tun sunayen kasuwa ba su shafe su ba.