Hanyoyin Da Masana'antu Ke Bi Wajen Sarrafa Roba Zuwa Kayan Amfani

Kujera, bokiti, jarka, bututun ruwa, ledar ruwan sha da tankin da ke saman gida duk roba ake kiran su, amma ba hanya ɗaya aka bi wajen ƙera su ba. Abubuwa uku ne ke sa masana'anta ta zaɓi hanyar da za ta bi: siffar abin da ake son samarwa, yawan da ake buƙata, da kuma nau'in robar. Kuskure a wannan zaɓi yana iya cinye jarin mai masana'anta, domin injin da ke yin bokiti ba ya yin jarka, wanda ke yin jarka kuma ba ya yin bututu.

Ɗanyen kaya da rabe-rabensa

Robar da ake magana a nan ta bambanta da ɗankon da ake tatsa daga itace. Galibinta daga man fetur da iskar gas ake samo ta, kuma takan isa masana'anta ne a buhu, cikin siffar ƙananan ƙwayoyi masu kama da shinkafa. A Najeriya, kamfanin Indorama da ke Eleme kusa da Fatakwal yana samar da nau'o'in da ake kira foliyetilin da folifurofilin, ita ma matatar Dangote da ke Lekki a jihar Legas ta fara samar da folifurofilin a shekarar 2025.

An kasa roba gida biyu. Kashi na farko shi ne wanda ke narkewa idan ya ji zafi, ya daskare idan ya huce, kuma ana iya maimaita hakan kamar yadda ake yi da kakin zuma. A nan ne PE, PP, PVC da PET suke. Kashi na biyu sau ɗaya yake ƙamewa, kamar ƙwan da aka dafa, ba ya sake narkewa sai dai ya ƙone. Misalinsa shi ne Bakelite, wanda Leo Baekeland, haifaffen ƙasar Beljiyam, ya ƙirƙiro a Amurka a 1907.

Kusan dukkan hanyoyin suna dogara ne da mazubi, wato ƙarfen da aka ƙwaƙule cikinsa daidai da siffar abin da ake so, kamar yadda masu zubin tukunyar dalma ke tanadar gurbin da za su kwarara narkakken ƙarfe.

Ɗura narkakkiyar roba a mazubi

Wannan hanya tana aiki ne kamar sirinji. Ana zuba ƙwayoyin roba ta wani mazurari zuwa cikin doguwar tukunyar ƙarfe mai zafi, inda wani sanda mai murɗaɗɗen jiki yake juyawa yana narkar da su yana tura su gaba. Idan abin da ya narke ya kai adadin da ake so, sai sandan ya ingiza shi da ƙarfi cikin rufaffen mazubi. Ruwan sanyi da ke zagaya mazubin ya daskarar da robar, mazubin ya buɗe, wasu ƙusoshi su turo kayan waje.

John Wesley Hyatt da ɗan'uwansa Isaiah ne suka yi rajistar injin farko na wannan aiki a Amurka a 1872, sannan James Watson Hendry ya fito da mai murɗaɗɗen sanda a 1946. Da irinsa ake yin kujeru, bokitai, kwanduna, murafan kwalba, sirinji da gidan wayar salula. Ƙaramin abu ba ya wuce 'yan daƙiƙoƙi, kuma mazubi guda na iya fitar da murafai da dama a bugu ɗaya. Sai dai sassaƙa mazubin yana da tsada ƙwarai, don haka hanyar ba ta biyan kuɗinta sai idan za a samar da dubban kaya iri ɗaya. Ana gane abin da aka yi ta wannan hanya da ɗan tabon da robar ta shiga ta wurinsa, da kuma zagayayyun shaidun ƙusoshin da suka turo shi.

Matsowa ta bakin ƙarfe

Duk wanda ya ga yadda injin taliya ke fitar da silili ya fahimci wannan hanya. Sandan yana tura narkakkiyar roba ba tsayawa ta cikin wani bakin ƙarfe mai siffar da ake so, abin da ya fito ya bi ta kwamin ruwa ya huce, sannan a yanka shi ko a naɗe. Ta dace da duk abin da fasalinsa bai canzawa daga farko har ƙarshe, kamar bututun PVC, tiyo, silin roba da rigar da ke lulluɓe wayar lantarki.

Leda ma ta nan take fitowa. Ana matso robar a siffar bututu mai siririn jiki, a hura masa iska ya kumbura ya miƙe sama kamar balan-balan, ya huce, sannan a lanƙwashe shi a naɗe a gammo. Daga wannan gammo ake yanka ledar cefane da ta ruwan sha. Buhunan shinkafa da na taki kuwa, falle ake matsowa a tsaga shi siri-siri, a ja zaren ya yi ƙarfi, sannan a saƙa.

Hurawa

Abu mai faffaɗan ciki da ƙaramin baki ba ya fita daga mazubin ɗuri, saboda babu ta yadda za a zare ƙarfen da ke cikinsa. Shi ya sa ake hura shi da iska. Wajen yin jarka da galan, ana sauko da bututun roba mai zafi tsakanin ɓari biyu na mazubi, su haɗe su datse ƙasansa, sannan iska ta manna shi da bangon mazubin. Layin da ake gani a gindin jarka shaidar wannan datsewa ce.

Kwalbar ruwa da ta lemo, wadda ake yi da PET, mataki biyu take bi. Da farko ana ɗura wani ɗan bututu mai kauri wanda wuyansa ya riga ya kammala da zarensa na murfi. Daga baya a ɗumama shi, a miƙe shi da sanda, a hura. Miƙewar ce ke ba kwalbar ƙarfin riƙe iskar lemo duk da rashin nauyinta. Nathaniel Wyeth, injiniya a kamfanin DuPont, shi ya samu rajistar wannan kwalba a 1973. Kamfanonin ruwa da yawa sukan sayi ƙananan bututun ne su hura a wurinsu, domin jigilar kwalbar da babu komai a ciki asarar wuri ce a mota.

Juya mazubi a cikin tanda

Manyan tankunan ruwa ta wannan hanya ake yin su. Ana auna garin foliyetilin a zuba cikin mazubi, a rufe, a shigar da shi tanda yana juyawa a hankali ta fuskoki biyu. Garin yana narkewa yana mannewa a bango har ya lulluɓe ko'ina, sannan a sanyaya mazubin yana ci gaba da juyawa. Da yake babu matsi mai ƙarfi, ana iya yin mazubin da fallen ƙarfe ko alminiyam, abin da ke sa ya fi na ɗuri araha. Tankin yakan fito a dunƙule ba tare da haɗi ba. Illar hanyar ita ce jinkiri, domin zagaye ɗaya yakan ci mintoci masu yawa.

Ɗumama falle

A nan ana ɗauko fallen roba da aka riga aka matso, a gasa shi ya yi laushi, a shimfiɗa a kan mazubi, sannan a zuƙe iskar da ke tsakaninsu har ya kwanta ya ɗauki siffar. Haka ake yin kofunan yogot, katin ƙwayar magani, bangon cikin firji da kwanukan abinci na yarwa. Mazubinta ba shi da tsada, amma akan samu ragowar gefe mai yawa da sai an niƙa an mayar. Fararen kwanukan soso da gwamnatin jihar Legas ta haramta a watan Janairun 2024 suna cikin kayan da ake yi ta wannan hanya.

Dannawa da zafi

Wannan ita ce tsohuwar hanyar sarrafa robar da ba ta sake narkewa. Ana sa gari ko curin roba a buɗaɗɗen mazubi mai zafi, a danne da ƙarfi har ya bazu ya ƙame. Farantan melamin, mariƙin tukunya da wasu sassan makunnin lantarki duk haka ake yin su, saboda ana son abin da zafi ba zai lanƙwasa shi ba.

Idan guda kaɗan ake buƙata

Idan samfuri ɗaya ko goma ake so, sassaƙa mazubi ɓarnar kuɗi ce. Akan fere dunƙulen roba da injin da kwamfuta ke sarrafawa, ko a yi amfani da na'urar ɗab'in 3D, wadda ke jera roba shimfiɗa bisa shimfiɗa har siffar ta tashi. Chuck Hull ya samu rajistar ɗaya daga cikin dabarunta na farko a 1986. Masu zane sukan gwada samfuri da ita kafin su kashe kuɗi a kan mazubin ƙarfe.

Wutar lantarki da sake sarrafawa

Galibin waɗannan injuna suna buƙatar zafin da ba ya yankewa. HDPE yana narkewa ne a wajen digiri 130 na ma'aunin Salsiyas, PP a wajen 165, PET kuwa sai ya kai kusan 250. Idan wuta ta ɗauke ana tsakiyar aiki, robar takan daskare a cikin injin, a yi asarar kaya da lokacin sake ɗumamawa. Wannan na daga cikin dalilan da ke sa masana'antun roba, ciki har da na Sharaɗa, Challawa da Bompai a Kano, ke kashe kuɗi mai yawa a kan janareta.

Nau'in robar kuma shi ke nuna makomarta bayan an gama amfani da ita. Ƙungiyar OECD ta ƙiyasta cewa duniya ta samar da tan miliyan 460 na roba a 2019, kuma kashi 9 cikin 100 ne kacal na sharar roba aka sake sarrafawa. Robar da ke narkewa ana iya tsince ta, a wanke, a niƙa, a narkar, a mayar da ita ƙwayoyi. Sai dai kowace narkarwa tana rage mata ƙarfi, shi ya sa ake gauraya ta da sabuwa.

Lambobin 1 zuwa 7 da ake gani cikin alamar kusurwa uku a gindin kaya, waɗanda aka fara amfani da su a Amurka a 1988, suna taimaka wa masu tsintar robobi wajen rarrabewa: 1 PET ce, 2 HDPE, 3 PVC, 4 LDPE, 5 PP, 6 folisitirin, 7 kuma sauran nau'o'i. Rarrabewar wajibi ce, domin PVC kaɗan da ya shiga cikin PET yana iya lalata dukkan abin da aka narkar, kuma ƙona PVC yana fitar da hayaƙi mai guba da ke cutar da huhu.