Charlie Chaplin: Kukan da ke bayan dariya

Mai karatu, in an ambaci Charlie Chaplin, abin da zai faɗo maka a rai shi ne ɗan guntun gashin baki, burgujejen wando da sanda. To amma ka san akwai fim ɗin sa guda da ya shafe kusan shekara 40 ba ya son tuna yadda aka yi shi? Sunan fim ɗin 'The Circus', na 1928.

Labarin wani gantalalle ne da ɗan sanda ya koro, ya afka cikin babban tantin nan na Turawa inda ake wasa da zakuna da birai da tafiya kan igiya. 'Yan kallo su ka yi ta sheƙa dariya, alhali shi gudun ceton rai ya ke. Mai tantin ya ɗauke shi aiki, sai aka gano ba ya iya ba mutane dariya sai in ya na cikin tashin hankali na gaske.

Wannan kusan tarihin Chaplin ne da kan sa. An haife shi a Landan a 1889 cikin baƙin talauci. Mahaifiyar sa Hannah mawaƙiya ce, ta samu taɓin hankali, aka kwantar da ita a asibitin Cane Hill a 1898. Da ciwon ya dawo a 1903, shi ne ya kama hannun ta ya kai ta asibiti, ya na ɗan shekara 14.

Aikin fim ɗin ma bai zo da sauƙi ba. A 1926 gobara ta tashi a situdiyon sa. Matar sa Lita Grey ta kwashe 'ya'yan su biyu ta fice, ta maka shi kotu a Janairun 1927, jaridun Amurka su ka yi masa caa. Ga hukumar haraji ta taso shi gaba. Damuwa ta kayar da shi, aikin ya tsaya cak tsawon watanni.

Idan ka san wannan, kallon ka zai sauya. Dubi inda ya ke kan igiya can sama, birai sun yanyame shi, su na cizon hancin sa, su na tuɓe masa wando, jama'a na kallo daga ƙasa. Dubi ƙarshe, ayarin ya tafi ya bar shi zaune shi kaɗai a filin da aka tuge tantin.

Fim ɗin ya fito a Janairun 1928, Hannah ta rasu a Agusta. A 1929 an ba shi kyautar Oscar ta musamman saboda fim ɗin, amma sai a ƙarshen shekarun 1960 ya waiwaye shi, ya yi masa sabon kiɗa.

Masoya finafinan Indiya sun ga irin wannan a 'Mera Naam Joker' na 1970, wanda Raj Kapoor, mai koyi da Chaplin, ya shirya. Mahaifiyar Raju ta mutu, amma dole ya koma fage ya ba jama'a dariya.

Mu a finafinan mu, mai taɓin hankali yawanci ɗan tsumma ne a bola, abin tsokanar yara. Chaplin ya nuna cewa ciwon kan ɓuya a jikin mutumin da ya fi kowa raha. Marubutan mu da daraktoci, ga labari nan ya na jiran ku.