Su wa ke yanke shawara a zaure?

Akwai wani dattijo da ba ya fashin kiran waya a shirina na daren Lahadi. Ran nan muna hira kan zaɓe, sai ya ce mini: "Ɗana, ƙuri'a tamu ce, amma magana ta manya ce." Na yi dariya na ɗauki mai kira na gaba. Sai da na koma gida maganar ta hana ni barci, domin na tuna tarihin garinmu Damagaram, na ga kusan duk inda ƙasar ta yi kwana, mutane ƙalilan ne suka juya akalarta.

A zamanin Sarki Tanimun, wanda ya rasu a 1884, Damagaram ta kai ƙarfin da ba ta taɓa kaiwa ba. Ya zagaye Birni da garu, ya sa maƙera suna ƙera igwa a cikin gari, ga ayarin raƙuma na tafiya Agadas da Gat har Tarabulus. Amma sarki bai yi wannan shi kaɗai ba. Yana da bayin fada masu riƙe da bindiga, da malamai masu rubuta wasiƙu da yin addu'a, da attajirai masu kawo albarushi daga arewa. Kada mu manta kuma da abin da ayarin ke ɗauka. Ban da fatu da gashin jimina, akwai mutane, 'ya'yan wasu da aka kamo a ƙauyuka. Idan ana kirarin wancan zamani, wannan ɓangaren akan yi saurin tsallake shi.

Cikin attajiran nan babu wanda labarinsa ya fi ba ni mamaki kamar Malam Yaro. Lokacin da Kyaftin Kazamaju, Bafaranshe, ya iso a 1898, Malam Yaro ne ya sauke shi. Sarki Amadu Kuran Daga bai yarda da baƙon ba, ya sa aka kashe shi da tafintansa. Shekara ta zagayo, Faransawa suka dawo da soja, aka gwabza a Tirmini cikin Yulin 1899, aka ci Damagaram, ba a jima ba aka kashe Kuran Daga. Malam Yaro kuwa kasuwarsa ta ci gaba, har ya zama mai samar wa sababbin masu gari raƙuma da kaya. Wasu na ce masa mai hangen nesa, wasu na ce masa wani abu dabam. Ni dai abin da na gani shi ne, mutumin da dukiyarsa ke kan hanyar Tarabulus ba zai so faɗa da wanda ya tare hanyar ba.

Sai dai zama da madaukin kanwa shi ke kawo farin kai. A 1906, shekarar da talakawan Satiru suka yi bore kusa da Sakkwato, Faransawa suka ce sun gano shirin kashe su a Damagaram. Suka kama Sarki Amadu ɗan Bassa, wanda su da kansu suka naɗa, suka haɗa da tafintansu Ali Diallo, da shi Malam Yaro, suka kore su daga ƙasar. Suka ɗora wani bawan fada, Ballama, ya riƙe gari. Sai a 1923 sarauta ta koma gidanta, aka naɗa Barma Mustafa. Darasin ya shiga kunnen kowane mai rawani a ƙasar: daga yau kumandan ke naɗawa, shi ke tuɓewa. Aikin sarki ya koma tara lanho da tura samari aikin dole, abin da ba a soke ba sai a 1946.

Kafin nan wasu manyan sun riga sun tsiro, 'yan lakwal. Diori Hamani da Djibo Bakary 'yan'uwa ne, dukansu sun yi makarantar William Ponty a Sanagal, dukansu sun yi aikin koyarwa. Djibo ya tara bayansa da ma'aikata, direbobi, 'yan tebur da 'yan tasha, aka san tafiyar da sunan Sawaba, kuma ta yi ƙarfi ƙwarai a nan gabas. Amma ga abin da matasa da yawa ba su sani ba: Djibo bai ci zaɓen 1957 da talakawa kaɗai ba. Sai da ya ƙulla ƙawance da jam'iyyar da sarakai suka jingina da ita. Wato mai kiran a rage ikon rawani, da taimakon rawani ya hau.

Auren bai daɗe ba. Gwamnatinsa ta taɓa wasu sarakai, sauran suka sha jinin jikinsu. Da Janar de Gaulle ya kawo zaɓen raba-gardama na 28 ga Satumba 1958, Djibo ya ce a kaɗa "a'a", a karɓi 'yanci nan take kamar yadda Gini ta yi niyya. Faransa ta turo sabon gwamna, Colombani, ya bi sarakai ɗaya bayan ɗaya. Yawancinsu suka juya baya. "I" ta samu kusan kashi 78 cikin ɗari, alhali fiye da rabin masu rajista ba su ma fito ba. Kafin ƙarshen shekara Diori ya karɓi gwamnati, a 1959 aka haramta Sawaba.

Ba na cikin masu cewa duk sarakan nan sayar da ƙasa suka yi. Wanda ya girma yana jin labarin abin da ya sami ɗan Bassa, ya san ranar da kumandan ya ɗaure fuska. Akwai kuma waɗanda suka yi imani da gaske cewa ƙasar da ba ta da teku, ba ta da likitoci da injiniyoyi, ba ta shirya rabuwa da Faransa ba. Abin da ke ci mini rai shi ne, manomin Mirriya ko na Magariya ba a zauna an yi masa wannan bayani ba. An dai aiko dogari ya gaya masa takardar da zai jefa.

Lahadin da ta biyo dattijon ya sake kira. Na karanta masa wannan labari a taƙaice, na tambaye shi ko mahaifinsa ya yi zaɓen 1958. Ya ce ya yi. Na ce me ya kaɗa? Ya yi shiru har na zaci layin ya yanke, sannan ya ce: "Katin Sawaba na cikin aljihunsa, amma ɗan sarki na zaune a bakin akwati."