Yadda kan jirgi mai gazuwal ya kori mai kwal

Kwanakin baya ina koya wa ƴan ajina darasin hanyoyin sufuri, sai maganar layin dogo na Kano zuwa Maraɗi ta taso. Cikin yara fiye da sittin, waɗanda suka taɓa ganin jirgin ƙasa da idonsu ba su kai biyar ba. Wani yaro ya ɗaga hannu ya ce: "Mushe, wai da mai yake tafiya ko da wutar lantarki?" Na ce da duka biyun. Ajin ya fashe da dariya, suna zaton zolayarsu nake. Ga shi kuwa gaskiyar ke nan. Da na koma gida na ga amsar tana da tarihi mai tsawo, kuma akwai wuraren da tarihin ya shafe mu, mu mutanen ƙasar da ruwa ke da tsada. Shi ya sa na ce bari in rubuta shi a nan.

Mu fara da tsohon kan jirgi mai tururi. Tukunya ce babba a bisa ƙafafun ƙarfe. Ana iza mata kwal, ruwa ya tafasa, tururi ya tura sandunan da ke juya ƙafafu. Yana da ƙarfi, sai dai akwai shi da ci da sha. Cikin zafin da kwal ke bayarwa, abin da ke komawa ƙarfin ja bai kai kashi 10 cikin 100 ba, saura duk ya bi hayaƙi. Nauyin ruwan da yake sha ya ninka na kwal sau da yawa, don haka ba ya nisa sai ya tsaya a ɗura masa. In ya huce, sai an yi sa'o'i ana hura wuta kafin ya motsa. Ga kwashe toka, ga wanke tukunya. A doguwar tafiya akan canza kan jirgi sau da dama kafin a isa.

Injin da zai zo ya karɓe wannan aiki, wani Bajamushe ne ya ƙirƙiro shi, Rudolf Diesel, wanda aka haifa a Paris a 1858. A 1897 injinsa ya yi aiki yadda ya kamata a garin Augsburg. Dabararsa ita ce a matse iska cikin silinda har ta yi zafi ƙwarai, sannan a fesa mai, ya kama da kansa ba tare da buji ba. Irin wannan inji yana cin moriyar mai fiye da mai tururi ninki uku ko ma fiye. Diesel bai ga injinsa ya mamaye dogo ba, domin a 1913 ya ɓace daga cikin jirgin ruwa a hanyarsa ta zuwa Ingila.

To me ya hana a ɗora injin bisa jirgi nan take? Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin mai injin niƙa ya san amsar. Mai niƙa yakan tada inji tukun, ya bari ya ɗauki gudu, sannan ya sa masa aiki. Injin gazuwal ba ya tashi da kaya a wuyansa, kuma ba shi da ƙarfi sai yana juyawa. Shi kuwa jirgi, lokacin da ya fi bukatar ƙarfi shi ne lokacin da yake tsaye cik da tan ɗaruruwa a bayansa. Mota tana warware wannan da kuloci da giya, amma kulocin da zai ɗauki nauyin jirgi a wancan zamani babu shi. A 1912 kamfanin Sulzer na Suwizalan da abokan aikinsa sun ƙera wa hukumar jiragen Purushiya wani kan jirgi da aka haɗa injinsa kai tsaye da ƙafafu. Sai da iskar da aka matse ake tada shi, kuma bai kai ga shiga aiki sosai ba.

Mafita ta fito daga wajen masu lantarki. Aka ce a bar injin ya juya janareto kawai, irin abin da mu a nan muke kira gurup, sai wutar ta bi waya zuwa wasu injunan lantarki da ke jikin ƙafafun. Injin lantarki yana ba da ƙarfinsa mafi yawa tun daga tsaye, daidai abin da jirgi ke so. Wato kan jirgin tashar wuta ce mai tafiya da kanta. Sauran matsala ɗaya: yadda za a daidaita injin da janareto don kada ɗaya ya shaƙe ɗaya. Wani injiniyan kamfanin General Electric, Hermann Lemp, ya yi rajistar dabarar hakan a 1914, ya kuma ci gaba da gyara ta, har direba ya iya sarrafa komai da hannu guda.

Daga nan gwaje-gwaje suka yawaita. A 1924 Tarayyar Sobiyet ta samu kawuna biyu: ɗaya Yakov Gakkel ya tsara aka ƙera a Leningrad, ɗaya kuma Yuri Lomonosov ya sa aka ƙera masa a Jamus. Abin lura, daga baya wajen Ashgabat aka tattara jiragen gazuwal na Sobiyet, cikin hamadar tsakiyar Asiya, inda samun ruwan tukunya wahala ne. A Amurka kuwa hayaƙi ne ya buɗe ƙofa. Wata doka ta 1923 ta hana jiragen tururi aiki cikin birnin New York, sai a 1925 kamfanonin Alco da General Electric da Ingersoll-Rand suka haɗu suka sayar da wani ƙaramin kai mai ƙarfin doki 300. Aikinsa jera taragu ne cikin tasha, ba ya fita doguwar hanya. Kanada ce ta gwada da fasinja: a 1929 kan jirgi mai lamba 9000 na kamfanin Canadian National ya ja jirgin fasinja daga Montreal zuwa Toronto. Duk da haka ba a yi ta ƙera irinsa ba. Injunan lokacin sun cika nauyi, ƙarfinsu bai kai nauyinsu ba.

Abin da ya sauya lissafi shi ne matsin tattalin arzikin da ya fara a 1929, ga motoci suna ta kwashe fasinja. Kamfanonin dogo suka shiga neman abin da zai dawo da mutane, kuma da arha. A Jamus, ranar 15 ga Mayun 1933, wani jirgi mai tarago biyu da ake wa kirari da "mai tashi na Hamburg" ya fara jigila tsakanin Berlin da Hamburg. Yana cin kilomita 286 cikin minti 138, gudunsa yana kai kilomita 160 a sa'a.

A Amurka, kamfanin motoci General Motors ya sayi wasu kamfanoni biyu a 1930: Winton mai ƙera injuna, da Electro-Motive mai tsara ƙananan jirage. Shugaban sashen bincikensa, Charles Kettering, ya dage sai an samu injin gazuwal marar nauyi. Aka nuna samfurinsa a bajekolin Chicago na 1933, inda shugaban kamfanin dogo na Burlington, Ralph Budd, ya gan shi ya ce shi yake so. Sakamakon shi ne jirgin da aka sa wa suna Zephyr, mai tarago uku na farin ƙarfen da ba ya tsatsa, da inji mai ƙarfin doki 600. Ranar 26 ga Mayun 1934 ya tashi daga Denver da asuba, ya isa Chicago da yamma bai tsaya ko'ina ba: kilomita 1,633 cikin sa'a 13 da minti 5. A wani wuri ya taɓa kilomita 181 a sa'a. Don mai karatu ya kwatanta, nisan ya fi na Yamai zuwa Diffa. Jirgin yana nan har yau a wani gidan tarihi a Chicago.

Sai dai nasarar ta tono wani aibi. Waɗannan jirage a haɗe suke, kai da taragu jiki ɗaya. In fasinja sun yi yawa ba a iya ƙara tarago, in inji ya lalace jirgin gaba ɗaya ya kwanta. Abin da kamfanoni ke bukata shi ne kai mai zaman kansa, wanda za a ɗaura wa kowane irin tarago a kwance shi a sa wani. A 1935 Electro-Motive, ƙarƙashin babban injiniyansa Richard Dilworth, ya fitar da kawuna biyar masu siffar akwati, kowane da inji biyu masu doki 900, jimla 1,800. Hikimar inji biyu ita ce in ɗaya ya mutu a hanya ɗayan ya lallaɓa ya kai jirgi tasha. Kamfanin Baltimore and Ohio ya karɓi ɗaya, Santa Fe ya karɓi biyu. Da waɗannan biyun ne a watan Mayun 1936 aka buɗe jirgin Super Chief, wanda ke haɗa Chicago da Los Angeles, fiye da kilomita 3,500, cikin sa'a 39 da minti 45.

Ba banza Santa Fe ya shiga gaba ba. Layinsa yana ratsa hamadar Arizona da Kaliforniya, inda a wasu tashoshin sai an yi dakon ruwa cikin taragu don kawai a shayar da kawunan tururi, ga ruwan wasu wuraren mai gishiri ne yana cin tukunya. Duk wanda ya san layin jarkoki a bakin famfo cikin watan Afrilu ba sai an yi masa dogon bayani ba. Wani abin dariya, kan jirgin fasinja mai gazuwal bai rabu da ruwa kwata-kwata ba: tsoffin taragu da tururi ake ɗumama su lokacin sanyi, dole aka sa masa ƴar ƙaramar tukunya a ciki.

A 1937 aka fara fitar da jerin kawunan da ake kira E daga sabuwar masana'antar La Grange kusa da Chicago, masu dogon hanci a gaba da ɗakin direba a sama, don kare shi in an yi karo. Kada a zaci komai ya tafi sumul. Injin Winton ya ba da wahala, har akan sa makanikai cikin jirgi suna gyara ana tafiya. Eugene Kettering, ɗan Charles, wanda ya yi aiki a kan injin, ya taɓa ba da labari cikin raha cewa sandar auna mai ce kaɗai bai tuna ta ba su matsala ba. Maimakon su ɓoye kurakuran, sai suka bi su ɗaya bayan ɗaya, suka fito da sabon inji mai suna 567 a 1938. Wannan ya yi ƙarko. A 1939 aka sa shi cikin kan jirgin kaya mai suna FT, aka zagaya da shi kamfanoni 20 ana gwadawa. Daga nan mai kwal ya kama hanyar gida. Zuwa 1960 manyan kamfanonin dogon Amurka sun daina aiki da shi.

Akwai wani sirri da ba na inji ba. Da, kowane kamfani yakan ba da odar kan jirgi yadda yake so, kamar ɗinkin tela. General Motors ya ce a'a, ga samfuri ɗaya, kayan gyaransa iri ɗaya, ga horo ga ma'aikata, kamar yadda ake sayar da mota. Tsoffin gwanayen tururi suka kasa bin sawu: Baldwin ya daina ƙera kawuna a 1956, Alco ya bi baya a 1969. Talakawa ma sun biya nasu kason. Maƙeran tukunya, masu ɗura ruwa, masu kwashe toka, dubbai sun rasa aiki, garuruwan da suka rayu da gyaran jirgi suka yi sanyi, kuma an yi shekaru ana rigima da ƙungiyoyin ƙwadago kan makomar mai iza wuta a jirgin da ba shi da wuta. Sannan jirgin fasinjan da aka ƙirƙiro injin don a ceto shi bai tsira ba. Mota da jirgin sama suka ci gaba da janye mutane, har a 1971 gwamnati ta kafa Amtrak ta karɓi ragowar.

Mu nan Nijar wannan tarihi ya wuce ta gefenmu ne. Dogo ya iso Kano a 1911, Ƙauran Namoda a 1929, Nguru a 1930, duk ya tsaya kafin iyaka. Kakana yakan ba mu labarin yadda gyaɗar ƙasar nan ke tafiya kudu a kai ta bakin jirgi. Ta ɓangaren Kwatano ma layin a Faraku ya tsaya, sauran hanyar sai manyan motoci. A tsakiyar shekarun 1950 Najeriya ta fara kawo kawunan gazuwal na kamfanin English Electric, kuma irin wannan kai mai gazuwal da lantarki na fara gani a Kano ina saurayi, na tsaya baki buɗe ina jin ƙasa na rawa. Layin Yamai zuwa Doso da aka shimfiɗa tsakanin 2014 da 2016 kuwa, kowa ya san bai yi jigilar da aka yi fata ba.

An ƙaddamar da aikin Kano zuwa Maraɗi a watan Fabrairun 2021. Ina cikin masu addu'ar Allah ya nuna mana ranar da jirgi zai yi kuka a Maraɗi. Amma abin da na karanta ya sa ina da tambayoyi. Wa zai gyara janareton in ya ƙone? A ina za a ajiye kayan gyara, kuma da kuɗin wa? Wace makarantar fasaha tamu ce ta fara shirya yaran da suka san injin gazuwal da lantarki a lokaci guda? Kawunan 1935 sun rayu ne don akwai makanike zaune kusa da injin, da masana'antar da ke sauraron ƙorafinsa. In ba mu tanadi namu ba, ranar da baƙin injiniyoyi suka tattara kayansu za mu zauna muna kallon ƙarfe.

Washegari na koma aji da ƙaramin injin lantarki da na ciro daga wata tsohuwar rediyo mai kaset, da batir, da murfin kwalba a matsayin ƙafa. Na haɗa waya, murfin ya juya. Na ce musu su ɗauka batirin nan shi ne injin gazuwal da janaretonsa. Yaron da ya yi tambayar ya karɓa ya juya wayoyin, murfin ya koma baya, ya ce ashe haka jirgi ke yin baya ba tare da giya ba. Ban koya masa wannan ba. Shekararsa 12, kuma mahaifinsa ya riga ya fara maganar cire shi daga lekwal a ƙarshen shekara.