Sunan Manya a Bakin Zanen Suna

Ƴan uwa na gida da na ci-rani, yi wa jariri takwara da babban mutum tsohuwar al'ada ce. Shehu Usumanu ɗan Fodiyo ya rasu a 1817, amma har gobe in an raɗa wa yaro Usumanu sai a ce masa Shehu. Haka sunan ɗansa Muhammadu Bello ya bazu dukansa biyu.

Da siyasa ta zo, sai wasu suka koma ga sunayen shugabanni. To, mulki rawar ƴan mata ne. An hana jam'iyyar Sawaba ta Jibo Bakari a 1959. Ran 15 ga Afrilu 1974 soja suka kifar da Jori Hamani, suka tsare shi. Saini Kunce da ya karɓa ya rasu a 1987. Yaro kuwa da sunansa zai shiga lakwal, da shi zai tsufa.

Ga kuma wata hasara. A takardar haihuwa sunan uba ke bin na ɗa. In an ɗauki sunan shugaba dukansa, na uba ya ɓace, da shi kuwa ake gane gida da dangi.

Dattawa, ku duba wannan tun kafin a yanka rago.