Faifan Wane Ne? Tarihin Wata Tambaya da Kwamfuta ke Yi da Ta Farka

A 1988, David Patterson da Garth Gibson da Randy Katz na Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley suka wallafa maƙalar da ta yaɗa sunan RAID. Dabarar ita ce a haɗa ƙananan faifan ajiya masu arha su yi aiki kamar faifai guda, ta yadda in ɗaya ya mutu bayanai ba za su salwanta ba. Sai dai in manhaja ce ke haɗa su, kamar a Linux, haɗin ba ya ɗorewa. Duk lokacin da aka kunna kwamfuta sai ta tattaro faifan daga farko, ta tantance waɗanda suke nata da waɗanda baƙi ne.

A manyan cibiyoyin bayanai na Turai, inji kan yi watanni bai mutu ba. Amma ofishin da ke Yauri, duk da kusancinsa da madatsar Kainji da ke ba da lantarki tun 1968, ya san ɗaukewar wuta da canji zuwa janareto. A nan, tambayar tana dawowa a kai a kai.

Da farko Linux bai damu da mai faifai ba. Duk sashen da ya gani da lambar 0xFD sai ya haɗa shi. Matsala ta fito ne idan aka ciro faifan wata kwamfuta da ta lalace aka jona wa mai lafiya don ceto bayanai: jeri biyu, kowanne yana da'awar shi ne md0. In baƙon ya riga ɗan gida, to, kwamfuta na iya tashi da tsarin da ba nata ba, ko ta rubuta inda bai kamata ba.

Neil Brown, wanda ya fara rubuta manhajar mdadm a 2001, ya kawo magani a 2006: a yi wa kowane jeri shaidar gidansu, kamar yadda makiyayi ke yi wa shanunsa alama. Tsohon tsarin rajista, wato 0.90, ba shi da gurbin suna, don haka aka sarrafa sunan kwamfuta da lissafin SHA1 aka cusa shi a rabin lambar UUID. Sabon tsarin kuwa yana da gurbin suna, inda ake rubuta sunan inji gaba da na jeri. Jerin da shaidarsa ba ta dace da gida ba, akan ba shi lamba daga 127 zuwa ƙasa. Asalin md127 ke nan, sunan da ya tayar da hankalin masu kula da injuna da yawa.

A ganina, raunin dabarar shi ne dogaro da suna. Suna abu ne da mutum ke sauyawa idan ya ga dama, wani lokaci ma na'urar intanet ta ofis ce ke raɗa shi. Jerin da aka ƙirƙira daga faifan girka tsari yakan ɗauki sunan wucin gadi, ya zama baƙo a gidansu har abada. Mafi ɗaure kai, a daƙiƙun farko na tashi, kwamfuta tana aiki da ɗan ƙaramin tsarin da ake kira initramfs, kuma sau da yawa ba ta riga ta san sunanta ba, domin sunan yana rubuce ne cikin faifan da take ƙoƙarin haɗawa. Lambar machine-id, wadda ba ta sauyawa kamar suna, ita ma a can ciki take zaune, kuma in aka kwafi tsari zuwa inji na biyu sai ta bi shi.

Shi ya sa ƙwararru suka koma ga rubutacciyar shaida: su jera kowane jeri da lambarsa ta UUID a fayil ɗin mdadm.conf, su ƙayyade HOMEHOST da hannu, sannan su sake gina initramfs domin kwafin fayil ɗin ya shiga ciki. Wannan mataki na ƙarshe shi aka fi mantawa, kuma ba a gane an manta sai ranar da wuta ta dawo.